Dangogin Ƙwayoyin Gado da ke Tsara Girman Tsiro, da Abin da Suke Nufi ga Gonakin Kaduna

Tsiro ba ya gama gina jikinsa sai ranar da ya bushe. Dabba takan zo duniya da gaɓoɓinta cikakku, abin da ya rage mata kawai shi ne ta ƙara girma, amma tsabar dawa da aka binne a gonakin Giwa ko Soba a farkon damina ba ta ɗauke da komai face ɗan tsinin saiwa da 'yan ganyayyaki ƙanana a naɗe. Duk sauran jikinta, da gaɓoɓin kara, da ganye bayan ganye, da saiwoyin da ke riƙe ta a ƙasa, da zangarniyar da manomi yake jira, a hankali ake ƙaga su ɗaya bayan ɗaya, kuma ana ƙaga su ne gwargwadon abin da ta tarar a gonar, ruwa ko fari, taki ko yunwa, inuwa ko sarari, doguwar rana ko gajera.

Masana kimiyyar tsirrai sun daɗe suna neman sanin abin da yake yanke wannan hukunci a cikin jikin tsiron, alhali kowane sel nasa, wato ɗan ƙanƙanin tubalin da aka gina jikin da shi, na ganye ne ko na saiwa ko na fure, kundin DNA iri ɗaya yake ɗauke da shi, wato kundin umarnin gado da ya samu daga iyayensa. Abin da suka gano shi ne ba duka ƙwayoyin gado, wato guntayen DNA da kowanne yake ɗauke da umarnin wani aiki, ne suke aiki a ko'ina ba. Akwai wasu daga cikinsu da aikinsu shi ne samar da furotin da ke manne wa DNA ya kunna wasu ƙwayoyin gadon ya kashe wasu, ta yadda sel ɗin da ke gefen toho zai zama ganye, maƙwabcinsa kuma ya zama kara. A shekarar 2000 aka kammala karanta DNA na Arabidopsis, wani ɗan ƙaramin haki dangin kabeji da masana suka mayar abin gwajinsu saboda yana fure ya zuba iri cikin 'yan makonni, kuma a cikin ƙwayoyin gadonsa sama da 25,000 an ƙidaya irin waɗannan masu ba da umarni fiye da 1,500. Da aka jera su aka kwatanta, sai aka ga ba warwatse suke ba. Sun kasu gida-gida, kowane gida 'ya'yansa suna da wani yanki na furotin da ya yi kama da na junansu, alamar cewa tushensu ɗaya ne.

Yadda dangi yake samuwa ba shi da wuyar fahimta. Wani lokaci wajen kwafar DNA sai ƙwayar gado ɗaya ta fito sau biyu, wani lokacin kuma, wanda ya fi yawa a tsirrai fiye da dabbobi, kundin ne gaba ɗaya yake ninkuwa. Kakan ciyayin da suka haifar da dawa da gero da shinkafa da masara ya fuskanci irin wannan ninkuwa miliyoyin shekaru da suka wuce, sannan reshen masara ya sake ninkuwa daga baya. Masanin nan ɗan asalin Japan, Susumu Ohno, ya yi bayani tun 1970 cewa a nan sabbin ayyuka suke samun ƙofa, domin idan kwafi ɗaya yana riƙe da tsohon aiki, ɗayan yana da sararin sauyawa ba tare da tsiron ya halaka ba. Mafi yawan kwafin lalacewa suke yi su ɓace. Waɗanda suka tsira kuwa, ko dai su raba tsohon aikin a tsakaninsu, wannan ya kula da saiwa wancan ya kula da fure, ko ɗaya ya ɗauki sabon aiki, ko kuma su ci gaba da yin aiki ɗaya tare. Lamarin ya yi kama da gidan gandu, inda wa da ƙannensa suke noma gona ɗaya: idan ɗaya ya kwanta rashin lafiya ba lallai a ga giɓi a kuyya ba, saboda 'yan'uwansa sun rufe masa, sai ranar da uku suka kwanta tare za a san nauyin da kowa yake ɗauke da shi. Wannan rufa wa juna ita ce ta sa binciken fannin yake da wahala, kuma ita ce za ta yi ta dawowa a duk abin da zai biyo baya.

Komai yana farawa ne daga wani ɗan tulluwa a can ƙarshen toho, wanda ido ba ya iya gani sosai sai da madubin ƙara girma. A nan ne ake ajiye sel ɗin da ba su zama komai ba tukuna, kuma daga gare su kowane ganye da reshe da fure yake fitowa. Ƙwayar gado mai suna WUSCHEL, daga dangin WOX, ita ce take umartar waɗannan sel su zauna a matsayin ajiya, su kuma sai su samar da wani ɗan guntun furotin, CLAVATA3, wanda yake komawa ya rage ƙarfin WUSCHEL ɗin. Da wannan ja-in-ja ake daidaita girman tulluwar. Dangin KNOX, wanda aka fara gano ɗansa na farko a masara a 1991, shi ma yana taimakawa wajen hana sel ɗin zama ganye kafin lokaci. Wanda yake son ganin sakamakon wannan daidaito da idonsa, ya sayi tumatir iri biyu a kasuwar Kawo, dogon nan mai tauri da kuma babban mai tsaga-tsaga a jiki, ya yanka kowanne a kwance. A cikin dogon zai ga ɗakuna biyu ko uku masu ɗauke da 'ya'ya, a cikin babban kuma zai ga ɗakuna da yawa a cunkushe, wani sa'in takwas ko fiye. Tumatirin daji na Kudancin Amurka ɗaki biyu gare shi. Sauye-sauye biyu ne suka yawaita ɗakunan, ɗaya kusa da WUSCHEL ɗaya kusa da CLAVATA3, duka biyun suka sassauta daidaiton har tulluwar furen ta ƙara faɗi. Haka abin yake a masara, inda raunana wata 'yar dangin CLAVATA kaɗan yake ƙara yawan layukan tsaba a jikin goyo, amma idan aka kashe ta gaba ɗaya sai goyon ya fito a baje, gajere kuma mummuna, ba ya da amfanin da ya kai na asali.

Dangin da ya fi kowanne suna shi ne MADS, kuma dangi ne tsoho ƙwarai, domin ana samun 'ya'yansa a yis na kumbura burodi da ɗan Adam kamar yadda ake samunsu a tsirrai. Sai dai dabbobi 'yan kaɗan gare su, Arabidopsis kuwa yana da sama da 100. A 1991 Enrico Coen a Ingila da Elliot Meyerowitz a Amurka suka tsara bayanin da ake kira ABC, wanda ya nuna yadda rukuni uku na ƙwayoyin gado suke gina zobba huɗu na fure. Rukunin A shi kaɗai yana yin koren kwanson da ke rufe toho, A da B tare suna yin ganyen fure masu launi, B da C suna yin sashen namiji mai ƙurar barbara, C shi kaɗai kuma yana yin sashen mace da zai zama 'ya'ya. Idan aka cire C, sai a sami fure cike da ganye masu launi, fure a cikin fure, ba namiji ba mace. Kusan duka waɗannan 'yan MADS ne. Daga baya aka gane akwai wasu 'yan'uwa huɗu, SEPALLATA, waɗanda binciken farko ya tsallake su saboda idan aka kashe ɗaya kusan ba a ganin komai. Sai da aka kashe uku tare a shekarar 2000 furen ya koma kwanso zalla, da aka kashe duka huɗun kuma ya koma tarin abubuwa masu kama da ganye. Ta haka aka tabbatar da hasashen da marubucin nan Goethe na Jamus ya yi tun 1790, cewa sassan fure ganye ne da aka sauya musu siffa.

Wannan ba ilimin ado ba ne kawai. Kwakwar manja, wadda asalinta Afirka ta Yamma ne, iri uku ce ta fuskar ɓawon ƙwallonta: dura mai kaurin ɓawo, pisifera marar ɓawo wadda galibi ba ta riƙe 'ya'ya, da tenera mai siririn ɓawo da yawan mai, wadda ake samu idan aka haɗa biyun farko. A 2013 masanan hukumar manja ta Maleshiya suka nuna cewa ƙwayar gado ɗaya ce ta dangin MADS take riƙe da wannan bambanci. Amfanin sanin haka a fili yake, domin itacen yana cin shekaru kafin ya yi 'ya'ya, kuma manomin da aka sayar wa gurɓataccen dashe ba zai gane ba sai ya riga ya ɓata ƙasarsa da ƙarfinsa, alhali yanzu ana iya gwada ɗan ganye tun a wurin reno. A tumatir ma wata 'yar MADS mai suna RIN ce take jagorantar nuna, kuma da wani gurgun nau'inta ake samar da tumatirin da ke daɗewa bai ruɓe ba, ko da yake sau da yawa ɗanɗano ne yake biyan kuɗin daɗewar.

Inda labarin ya fi kusa da manomin Kaduna shi ne batun rassa. Masarar da ake lodawa a kasuwar Saminaka ta samo asali ne daga wata ciyawa mai suna tiyosinte a kwarin kogin Balsas na ƙasar Meziko, kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Tiyosinte tana da rassa da yawa dogaye, kowanne da 'yan ƙananan goyo masu tsaba biyar zuwa goma sha biyu a cikin ɓawo mai tauri. Masara kuwa kara ɗaya ce miƙaƙƙiya da goyo ɗaya ko biyu manya. John Doebley da abokan aikinsa suka nuna a 1997 cewa babban abin da ya kawo wannan sauyi shi ne ƙwayar gado tb1 ta dangin TCP, wadda aikinta danne idon reshe ne don kada ya tsiro. Abin lura shi ne furotin ɗin kansa kusan bai sauya ba tsakanin ciyawar da masarar. Wani guntun DNA mai yawo ne ya sauka can nesa a gabanta, ya sa take aiki kusan ninki biyu, manoman farko kuma suka yi ta zaɓar tsiron da ke da wannan hali ba tare da sun san sunansa ba. A ganina wannan shi ne darasi mafi girma a fannin baki ɗaya, cewa yawancin abin da ɗan Adam ya sauya a amfanin gonarsa bai taɓa ainihin ƙwayar gadon ba, ya taɓa ne inda take aiki da lokacin da take aiki da ƙarfin da take aiki da shi.

Umarnin danne reshe yana zuwa wa dangin TCP ne ta hanyoyi da dama, ɗaya daga ciki kuwa wani sinadari ne da saiwa take samarwa, wanda ake kira istirigolakton. A 2008 aka gane cewa shi sinadarin saƙo ne da ke hana tsiro yawan rassa, amma an san shi tun 1966 ta wata fuska da kowane manomin dawa zai ji a jikinsa, domin shi ne yake tayar da irin wuta-wuta daga barci. Tsiro yana zubar da shi cikin ƙasa ne musamman idan yana ƙarancin sinadarin fosfet, domin ya kira wasu naman gwari na ƙasa masu taimaka wa saiwa tsotso abinci. Wuta-wuta kuma, wadda gindi ɗaya nata yake zubar da dubban iri masu kama da ƙura da ke iya jira a ƙasa fiye da shekara goma, ta koyi sauraron wannan kira. Manoma sun daɗe da sanin cewa wuta-wuta ta fi addabar gonar da ta gaji, ga shi yanzu an san dalili: gonar da ta gaji tana sa dawa ta ɗaga murya, mai satar kuma ta ji. Yadda ta koyi jin ma labarin dangi ne. Tsirrai da yawa suna da wata ƙwayar gado, KAI2, da ke taimaka wa iri ya tsiro idan ya ji sinadarin hayaƙin gobarar daji. A jikin wuta-wuta wannan ƙwaya ta ninku ta zama sama da goma, wasu kwafin kuma suka sauya suka koma jin sinadarin saiwar dawa da gero da masara, ɗaya daga cikinsu ma yana jin ɗan mitsitsin da ya kusa fin ƙarfin awo. Mafita ɗaya da aka samu ta fito daga ayarin Gebisa Ejeta, ɗan asalin Habasha da ke Jami'ar Purdue, waɗanda suka nuna a 2017 cewa dawar da ta rasa ƙwayar gado LGS1 tana sauya nau'in sinadarin da take fitarwa zuwa wani da wuta-wuta ba ta ji sosai. Hikimar ita ce an sauya nau'in ba a kashe shi ba, domin da an kashe shi da dawar ta yi ta fitar da 'ya'ya barkatai ta kuma rasa taimakon naman gwarin.

Sai batun lokacin fure, wanda a wurinmu ya fi komai nauyi. Tun 1920 aka san cewa tsawon rana yana sa wasu tsirrai fure, a 1936 kuma Mikhail Chailakhyan na Tarayyar Sobiyet ya yi hasashen cewa ganye ne yake auna ranar ya aika wani saƙo zuwa toho. Shekara saba'in aka yi ana neman saƙon, sai a 2007 aka tabbatar cewa furotin ne ƙarami mai suna FT, wanda ake yi a jijiyar ganye ya bi hanyar da sukari yake bi har ya isa tulluwar toho, a can ya kunna 'yan dangin MADS su fara gina fure. A cikin danginsa akwai wani ɗan'uwa, TFL1, wanda aikinsa kishiyar na FT ne, wato ya hana fure ya sa tsiro ya ci gaba da yaɗo, kuma sun yi kama da juna har an nuna cewa sauya tubali ɗaya na furotin yana iya juya aikin ɗaya ya koma na ɗayan. Rinjayen ɗayansu a kan ɗaya shi yake bambanta tumatirin da ke ta hawa sanda yana 'ya'ya kaɗan-kaɗan da irin Roma da UC82 da ake nomawa a fadamunmu, waɗanda suke tsayawa gajeru su nuna kusan lokaci ɗaya. Arabidopsis yana da 'yan wannan dangi shida, masara tana da fiye da ashirin, a dankalin Turawa kuma wani daga cikinsu ne yake ba da umarnin fara yin dankali a ƙarƙashin ƙasa.

Dawa tana fure ne idan rana ta fara gajarta, kuma wasu 'yan dangin CCT ne suke danne FT muddin rana tana da tsawo. Biyu daga cikinsu sanannu ne ga masu kyautata irin dawa da sunan Ma1 da Ma6, an kuma gano ainihin ta farkon a 2011 a Jami'ar Texas A&M ta Amurka. A Kaduna bambancin rana mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba, amma duk da haka farafara da kaura na gargajiya suna jin wannan ɗan bambanci. Binciken da aka yi a Samaru a shekarun 1960 ya nuna cewa dawar kowane yanki takan fid da kai ne daidai lokacin da ruwan yankin ya saba ɗaukewa, ko an shuka ta da wuri ko an makara. Ke nan dawar da ta saba da ƙasar Kafanchan, inda damina take da tsawo, agogonta daban ne da na dawar Makarfi. Fa'idar a bayyane take ga duk wanda ya taɓa riƙe zangarniyar da ta nuna cikin ruwa: tsabar ta yi baƙi-baƙi da fumfuna, ta yi laushi a hannu, ba ta shiga rumbu ta daɗe. Ga kuma tsuntsaye da ke taruwa a kan gonar da ta riga sauran nuna. Da aka kai dawa Amurka, inda ranakun bazara suke da tsawo ƙwarai, sai da aka zaɓi nau'o'in da waɗannan ƙwayoyin gado suka lalace a cikinsu kafin ta iya fure kafin sanyi. Wannan gyara ne da ya dace da ƙasarsu. Ni dai ina ganin kuskure ne babba a ɗauki jin tsawon rana a matsayin aibin da dole a cire daga irinmu, domin a ƙasar da ba a san ranar da damina za ta sauka ba amma an fi sanin lokacin da take ɗaukewa, wannan hali kariya ce da iyaye da kakanni suka zaɓa shekara da shekaru. Irin da ke nuna da wuri yana da gurbinsa, musamman can arewa inda ruwa yake gajarta, ko inda ake son a cire amfani a sake shuka wani. Abin da sanin waɗannan dangogi yake bayarwa shi ne damar gusar da agogon da mako biyu ko uku maimakon a fasa shi. Haka zancen yake ga wake, inda kanannado mai yaɗo da ke jira sai rana ta gajarta yake ba da harawar da mai dabbobi ba zai so ya rasa ba.

Tsawon kara ma dangi ne yake riƙe da shi. Furotin ɗin DELLA na dangin GRAS suna danne tsawo, sinadarin jibarelin kuma yana sa a rushe su don kara ya miƙe. Gajeriyar alkamar da masanin noma Ba'amurke Norman Borlaug ya yaɗa daga Meziko zuwa Indiya da Pakistan, wadda ta gaji halinta daga Norin 10 ta Japan, tana da DELLA da jibarelin ba ya iya rushewa, kamar yadda aka tabbatar a 1999. Shinkafar IR8 ta 1966 ta isa wuri ɗaya ta wata hanya, ita jibarelin ɗin ne ba ta samarwa da yawa. Gajeren kara yana ɗaukar taki ba ya kwanciya, kuma kaso mafi yawa na abincinsa yana tafiya ga tsaba, wannan ne ya ciyar da ɗaruruwan miliyoyin mutane. Amma DELLA ba tsawo kaɗai yake taɓawa ba. Irin wannan alkama tana da gajeren tsinin fitowa, don haka tana shan wahala idan aka binne ta da zurfi a busasshiyar ƙasa, masana a ƙasar Sin kuma sun nuna a 2018 cewa taruwar DELLA tana rage ƙwazon tsiro wajen tsotsar naitirojin, wato tana ƙara buƙatar takin zamani. Ga manomin da buhun taki yake neman fin ƙarfinsa, wanda kuma karan dawa yake masa darni da makamashi da abincin shanu, lissafin ya sha bamban da na manomin Punjab, yankin noman alkama na Indiya da Pakistan.

Shinkafa ta ba da misali mai kyau na yadda 'yan gida ɗaya suke yin aiki kishiyar juna. SUB1A, ta dangin AP2/ERF, wadda aka gano a 2006 daga wata shinkafar gargajiya ta Indiya, tana sa tsiron da ambaliya ta rufe ya daina tsawo ya tattala abincinsa, ta hanyar ƙarfafa DELLA, har ya jure kimanin mako biyu a ƙarƙashin ruwa. 'Yan'uwanta biyu masu suna SNORKEL kuwa suna sa shinkafar ruwa mai zurfi ta yi ta miƙewa da sauri don ta fitar da kai sama. Wanda ya dace ya dogara ne da irin ambaliyar, mai zuwa ta wuce ce ko mai zama wata da watanni. An shigar da SUB1A cikin sanannun iri ta hanyar barbara ta al'ada tare da gwajin DNA, kuma a 2017 Nijeriya ta fitar da FARO 66 da FARO 67 masu jure nutsewa, abin da ya shafi masu noma a gaɓar kogin Kaduna kai tsaye.

Tun bayan fitowar fasahar CRISPR a 2012, wadda ake yanka DNA da ita daidai wurin da ake so, ana ta maganar cewa yanzu za a iya ƙera tsiro yadda ake so. Akwai gaskiya a ciki. A 2017 ayarin Zachary Lippman a cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor a Amurka suka yi 'yan yanke-yanke a yankin da ke sarrafa CLAVATA3 na tumatir, suka sami jerin tsirrai masu yawan ɗakuna hawa-hawa, wato cikin 'yan shekaru suka kwaikwayi abin da manoma suka yi cikin ƙarnuka. Amma ayarin nan ne kuma ya bayyana wata matsala da ta daɗe tana damun masu kyautata tumatir. Akwai wani sauyi a wata 'yar SEPALLATA da ke cire gaɓar da ke wuyan tumatir, abin da ke sauƙaƙa girbi, akwai kuma wani tsohon sauyi a 'yar'uwarta da ke ƙara girman koren hular da ke kan ɗan. Kowanne shi kaɗai alheri ne, amma idan suka haɗu a tsiro ɗaya sai reshen fure ya yi ta rarrabuwa, furanni su yi yawa, 'ya'ya su ragu. Sun kuma gano cewa idan aka kashe CLAVATA3 a tumatir, wata 'yar'uwarta takan ƙara ƙaimi ta rufe wani ɓangare na giɓin. Saboda haka sanin aikin ƙwayar gado a Arabidopsis yana nuna wa mai bincike ƙofar da zai ƙwanƙwasa a dawa ko wake, amma ba ya gaya masa 'yan'uwa nawa ne a gidan, ko wanne ne yake ɗauke da nauyin, ko abin da zai faru idan aka taɓa shi a cikin irin da manomin Lere yake shukawa.

Wannan aiki sai a kan amfanin gonarmu da ƙasarmu za a yi shi. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta faro tun 1922 kuma take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ita ce take da alhakin dawa da masara da wake da gyaɗa da auduga, kuma kayan aikin farko sun samu, domin an karanta DNA na dawa da masara a 2009, na gero a 2017, na wake a 2019. Hukumar NBMA, mai sa ido kan fasahar sauya ƙwayoyin gado a Nijeriya, wadda aka kafa a 2015, ta fitar da ƙa'idojin gyaran ƙwayoyin gado a 2020. Ya kamata kuma mai karatu ya bambanta abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa a muhawarar da ake yi kan iri: shigar da ƙwayar gado daga wata halitta daban, kamar yadda aka yi a waken SAMPEA 20-T na 2019 mai jure tsutsa, da gyara ƙwayar da tsiron yake da ita tun asali, da kuma yin barbara ta al'ada ana amfani da gwajin DNA don gane 'ya'yan da suka gaji halin da ake so. Yawancin ribar da aka ci daga ilimin waɗannan dangogi zuwa yau ta hanya ta ukun aka ci ta, kuma ita ce ta fi araha.

Acca ce nake ganin ta fi dacewa a gwada wannan ilimi a kanta. Ana noma ta a kudancin Kaduna da Filato, tana yi a ƙasar da masara ba za ta yi ba, tana nuna da wuri lokacin da rumbu ya yi ƙasa, amma har yau tana da halayen ciyawar daji: tsabarta ƙanana ce ƙwarai, karanta yana kwanciya, kuma tana zubewa a gona idan aka ɗan makara da yanka. A dawa an san tun 2012 cewa wata 'yar dangin YABBY mai suna Sh1 ce take gina gaɓar da tsaba take ɓallewa daga gare ta, kuma an ga alamun cewa manoman shinkafa da masara su ma 'yar'uwarta suka raunana, kowa a nahiyarsa. An karanta DNA na acca a 2020, aka tabbatar cewa kundinta ninki biyu ne, wato yawancin ƙwayoyin gadonta kwafi biyu-biyu ne. Wannan yana nufin ko da kwafi ɗaya ya lalace a wata gona, ɗayan zai iya rufe masa, manomiyar da ke zaɓar iri kuma ba za ta ga wani bambancin da zai sa ta ware shi ba. Mai binciken da ya tattaro acca daga ƙauyuka daban-daban ya gwada DNA ɗinsu zai iya gano wadda kwafinta na farko ya lalace da wadda na biyunta ya raunana, ya haɗa su ta barbara, sannan ya shuka 'ya'yansu damina biyu ko uku a ƙasar Kachia ko Zangon Kataf ya auna yawan abin da ya zube da kuma ko sussuka ta ƙara wuya.